Ƙwayar cuta ta kwanta, amma CD4 ya ƙi tashi

Tambaya: Likita, shekara uku ke nan ina shan maganin HIV ba fashi. An ce ba a ganin ƙwayar cutar a jinina, amma CD4 ɗina (adadin ƙwayoyin garkuwar jikin da HIV ke kashewa) ya tsaya a 240. Ko maganin ne ba ya aiki? Daga wata baiwar Allah a Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, maganinki yana aiki. Tunda gwaji bai ga ƙwayar cutar ba, kada ki bari kowa ya sa ki daina ko ki canza shi. An saba ganin haka, musamman ga wanda bai fara magani ba sai da CD4 ya sauka ƙasa da 200, kuma hanji yana da hannu a ciki.

Kaso mai yawa na ƙwayoyin CD4 a bangon hanji suke zaune, can kuma HIV ke fara ɓarna tun makonnin farko. Nau'in Th17, masu tsaron bangon, su suka fi jin jiki. Idan suka yi ƙaranci sai bangon ya fara yoyo, ɓurɓushin bakteriyar hanji, irin su sinadarin LPS, ya riƙa zurarewa cikin jini. Tun 2006 masu bincike suka nuna haka. Garkuwar jiki sai ta ɗauka hari aka kawo, ta zauna cikin shirin yaƙi dare da rana. Ƙwayoyin CD4 su gaji su mutu da wuri, kaluluwa kuma ta yi tabo, sabbin ƙwayoyi su rasa wurin rayuwa. Magani yana hana HIV hayayyafa cikin watanni, gyaran hanji kuwa shekaru yake ɗauka.

An gwada magungunan rifaximin da sevelamer don rage wannan ɓurɓushi, sakamakon bai taka kara ya karya ba. Saboda haka kada ki zuba kuɗinki a magungunan "wankin ciki" da ake talla. Wasunsu ma hanta da ƙoda suke taɓawa.

Ki nemi a asibitinku a yi miki gwajin ciwon hanta nau'in B da C, da tarin fuka, da gwajin bayan gida saboda tsutsar ciki, domin dukkansu suna rura wutar. In maganin HIV na zidovudine kike sha, a duba jininki, yakan rage ƙwayoyin jini. Septrin ɗin da aka ba ki kada ki ajiye shi sai da izinin likita. Giya da burukutu suna ƙara yoyon, a nisance su. Gudawar da ta kai mako biyu kuma, ki kai ta asibiti, kada ki tsaya a kemis. Idan CD4 ya sauka ƙasa da 200, a yi miki gwajin CrAg, mai gano ƙwayar cutar da ke jawo wani nau'in sanƙarau.