The Bard's Tale: wasanni huɗu a kunshi ɗaya, da wanne ya kamata a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi The Bard's Tale, wanda aka rubuta wa Remastered and Resnarkled, sai na tarar da tsoffin wasanni uku a cikinsa. Shin labari ɗaya ne, sai na gama tsoffin kafin in fahimci sabon? Na gwada na farkon, ko nisa ban yi ba aka karkashe mini mutane a kan titi. Sannan ko zan iya barin ƙanena ɗan shekara 10 ya buga?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba labari ɗaya ba ne, kuma babu abin da za ka rasa idan ka fara da sabon. Suna kawai ya haɗa su, sai kuma mutum ɗaya, Brian Fargo. Kamfaninsa na da, Interplay, shi ya yi tsoffin ukun a Amurka, Electronic Arts ya fitar da su kasuwa: na farko a 1985, The Destiny Knight a 1986, Thief of Fate a 1988. Da Fargo ya kafa inXile a 2002 ya samu damar amfani da sunan, amma labarin da garuruwan da mutanen ciki suna hannun Electronic Arts. Shi ya sa wasan 2004 ya ɗauki wata hanya dabam, ya zama shaguɓe ga irin waɗannan wasannin kwamfuta na jarumai da dodanni gaba ɗaya. Wanda ka saya shi ne na 2004 ɗin, an gyara hotunansa an sake fitar da shi a 2017.

Ka fara da shi. Mutum ɗaya kake juyawa, wani mawaƙi mai yawon gari-gari wanda kuɗi da mata kaɗai ke gabansa, ana kallonsa daga sama, faɗa kuma nan take ake yin sa da maɓalli. An gina shi a kan injin Snowblind, wato manhajar gina wasa da aka yi Baldur's Gate: Dark Alliance da shi, don haka duk wanda ya buga wancan a PlayStation 2 hannunsa zai gane hanya. Labarin yana faruwa ne a tsibiran Orkney na arewacin Sukotland, da garuruwa irin su Houton da Kirkwall, an cakuɗa su da tatsuniyoyin yankin. Cary Elwes ne ya yi muryar mawaƙin, Tony Jay kuma ya yi ta mai ba da labari, wanda ba ya ɓoye ƙyamar da yake yi wa jarumin nasa. Rabin daɗin wasan a cacar bakin su biyun yake, saboda haka kada ka kashe sauti, kuma ka kunna rubutun magana a ƙasan allo, don karin harshen mutanen ciki yana da nauyi a kunne.

Inda sababbi ke faɗuwa a wannan wasa shi ne su ɗauke shi na sara da suka. Ƙarfin mawaƙin a kiɗansa yake. Kowane sauti da ya koya yana kiran mataimaki: gizo-gizo mai wutar tsawa, tsohuwa mai warkarwa, jaruma mai harbi daga nesa, wani dattijo mai gano tarko, da wata 'yar halitta mai haska wuri mai duhu. Da farko ɗaya kawai za ka iya riƙewa, sai ka samu kayan kiɗa mafi kyau adadin ya ƙaru. Matsalar ita ce lokacin da yake kiɗa makaminsa a ajiye yake, abokan gaba kuwa ba sa jira. Don haka ka kira mataimakanka kafin ka shiga fili, idan kuma aka kashe maka ɗaya ana tsakiyar faɗa, ja da baya tukuna ka samu tazara. Wajen rabon maki idan ka hau mataki, Rhythm ne ke ƙara wa mataimaka ƙarfi, Vitality ke ƙara maka jini, Charisma kuma rage farashi take yi a shago. Biyun farko sun fi cancantar makinka a farkon tafiya. Ka koyi tare sara da garkuwa a daidai lokacin da ya taho, don danna maɓallin duka ba ƙaƙƙautawa zai kai ka ƙasa tun a dajin farko. Duwatsun da ake kira adder stones su ne kuɗin kiran taimakon gaggawa, har da kiran gimbiyar labarin, Caleigh, ta warkar da kai, sai ka tanade su don manyan faɗa.

Ba ka da wahalar jakar kaya: duk abin da ka tsinta wanda bai kai na hannunka ba, nan take yake komawa azurfa. A hira kuma zaɓi biyu ne kullum, ko ka amsa da gatse ko da ladabi, kuma ba a nuna maka ainihin abin da zai faɗa. Ladabi ba kullum yake biya ba, akwai waɗanda sai an gasa musu magana suke sakin abin hannunsu. Wuri ɗaya dai kada ka yi gatse: ɗan karen da za ka haɗu da shi a Houton. Ka lallaɓa shi, zai bi ka ya taya ka faɗa. Ƙarshen labarin iri uku ne, don haka ka ajiye wasa kafin zaɓin ƙarshe idan kana son ganin duka.

Yanzu ga abin da ya karkashe maka mutane. Na 1985, wanda Michael Cranford ya tsara, an yi shi ne don mutumin da ke zaune da littafin bayani da fensir a gefe. Garin Skara Brae ne, matsafi Mangar ya rufe shi da hunturu, dodanni na yawo a tituna. Kana haɗa tawagar mutum shida a Adventurers' Guild, wato gidan ƙungiyar mayaƙa, kuma a tsarin asali nan ne kaɗai ake ajiye wasa. Ukun da ke sama a jerin su ne ke kai sara kuma su ne ake sara, ukun ƙasa sai tsafi ko waƙa. Idan ka sa matsafi a sahun gaba, ya mutu. Tsarin da ya fi aiki shi ne mayaƙa biyu da mawaƙi a gaba, ko mayaƙa uku, sannan matsafa iri biyu, conjurer da magician, a baya. Mutanen da ka ƙirƙira tsirara suke fitowa, ba makami ba sulke. Ka tara kuɗinsu ka nufi shagon Garth, kuma bayan saye sai ka shiga kayan kowa ka ɗaura masa, don saye kaɗai ba ya sa sulke ya yi aiki. Lambar AC, wato ma'aunin kariyar sulke, tana farawa daga 10, kuma raguwarta ake so. Da yawa kan ga ta sauka su zaci an cuce su.

Dare shi ne babban makashi. Da rana ta faɗi dodanni sun fi yawa sun fi ƙarfi, makin tsafi kuma a hasken rana yake dawowa da kansa. Ka yi faɗa ɗaya ko biyu kusa da Guild, ka je haikali a yi maka magani, ka koma ka ajiye. Gudu daga faɗa ba abin kunya ba ne a matakin farko, tunda tayar da mamaci a haikali ya fi ƙarfin aljihun sabuwar tawaga. Akwai kuma tawagar da aka riga aka haɗa da wasan, mawaƙinta na ɗauke da Fire Horn, ƙaho mai ƙone rukunin abokan gaba a busa ɗaya. Yana ƙarewa, amma kafin nan ya tsallakar da kai wurin da ya fi wuya.

Wani abin da ba a faɗa maka a allo: mataki ba ya hawa da kansa. Sai ka nemo Review Board, wani gini marar alama a titin Trumpet, ka nemi ƙarin girma, kuma a nan ake sayen sabon darasin tsafi da zinariya. Kowane fannin tsafi darasi bakwai ne, ana buɗe su a mataki na 1, 3, 5, har zuwa 13. Wasan zai bar ka ka sauya fanni tun kana darasi na uku, amma fannin da ka bari ba a komawa, saboda haka ka haƙura sai ka kwashe bakwai ɗin kafin ka koma manyan fannonin, wato sorcerer, daga baya wizard. A shagon Roscoe ana cika makin tsafi da kuɗi. Mawaƙi kuwa yawan waƙoƙinsa daidai yake da matakinsa, daga nan maƙogwaro ya bushe sai an kai shi mashaya. A mashayar Scarlet Bard, idan ka nemi ruwan inabi, za a tura ka ɗakin ƙasa, ta nan ne hanyar kwatamin garin take, wato kurkukun farko, irin ramukan ƙarƙashin ƙasa da ake shiga faɗa da dodanni.

Babu taswira a cikin wasan. Kowane hawa na kurkuku gida 22 ne tsaye 22 kwance, sai ka samu littafin lissafi mai gidan dara kana zana kowane taku. Abin da ke lalata zane shi ne gidajen da ke juya ka ba ka sani ba, da masu cilla ka wani wuri, da masu kashe haske ko hana tsafi. Maganinsu tsafin MACO mai nuna gabas da yamma, da SCSI mai faɗa maka inda kake, TRZP kuma na kwance tarkon akwati. Duk sunayen tsafi haruffa huɗu ne irin haka, shi ya sa dole ka buɗe littafin bayanin wasan. Ka rubuta duk maganar da ka gani a bango, don za a tambaye ka ita can gaba.

Na biyu ya faɗaɗa zuwa garuruwa shida da daji, ana neman gutsattsarin sanda bakwai, kuma ya zo da wasu ɗakunan tarko masu ƙidayar lokaci da suka fi komai ban haushi a cikin ukun. Na uku, wanda Rebecca Heineman ta jagoranci rubuta shi, shi ne na farko a cikin ukun da ya kawo taswira mai zana kanta.

Tsoffin da ke cikin kunshinka ba a taɓa su ba, manhaja ce ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar Apple tana kunna su yadda suke. A kwamfuta mai kibod ana iya jurewa, a waya kuwa wahala ce zalla. Idan da gaske kake son gama su, ka nemi The Bard's Tale Trilogy, wanda Krome Studios ya sake ginawa daga 2018 zuwa 2019. Yana da taswira a duka ukun, ana ajiye wasa a ko'ina, an rage makin hawa mataki, tawaga ɗaya na wucewa daga na farko har na uku, kuma akwai Legacy Mode ga mai son tsananin da. Sayensa dabam ne. A ra'ayinmu, na cikin kunshin na leƙawa ne a ga yadda abin yake a zamaninsa, Trilogy kuma shi ne na bugawa. Mai shirin saye a wata na'ura ya karanta bayanin shafin tukuna ya tabbatar an ambaci tsoffin ukun, kuma kada ya rikita su da The Bard's Tale IV na 2018, wanda shi ne ainihin ci gaban labarin Skara Brae.

Batun ƙanenka kuwa, na 2004 bai dace da ɗan shekara 10 ba. Hukumar tantance wasanni ta Amurka ta sa shi a rukunin 'yan 13 zuwa sama, kuma tun a mashayar farko akwai waƙar yabon giya da barkwanci mai harshen damo a kan mata, haka yake tafiya har ƙarshe. Tsoffin ba su da irin wannan batsa, amma akwai tsafi da mashaya da haikalin wani gunki, ga karatun Turanci mai yawa. Idan ka ga hakan bai dame ku a gida ba, Trilogy ne za ku iya zama tare, kai kana riƙe da linzami shi yana rubuta alamun bango.