Goge sunaye kaɗai bai isa ba

Malama, kin tambaya ko za ki iya saka hirarrakin binciken da kika yi da mata masu yoyon fitsari a intanet tunda kin goge sunayensu. Ni dai ban ba ki shawarar haka ba. A ƙaramin ƙauye, shekarun mace da sana'ar mijinta da yawan haihuwarta sun isa a gane ta, balle muryarta. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kariyarsu. Ki duba takardar amincewar da suka dangwala wa yatsa; in ba ta ambaci rabawa ba, sai ki koma wa kwamitin ɗa'ar da ya amince da binciken. Muryoyin ki adana su, ki fitar da alƙaluma a dunƙule, mai son ƙari ya nemi izini a rubuce.