Na yi rajistar zaɓe sau biyu, ina makomar katina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na yi rajistar katin zaɓe a Gusau tun 2011. Da aiki ya dawo da ni Kano sai na sake yin wata a 2022, don in riƙa jefa ƙuri'a kusa da gida. Na gaji da sintiri ofishin hukumar zaɓe ta INEC na ƙaramar hukumarmu, har yau kati bai fito ba. Shin an soke ni ne gaba ɗaya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka huta da wannan sintiri, katin da kake jira ba zai fito ba. Amma ka kwantar da hankalinka, sunanka na nan daram a rajistar Gusau. Ta biyun ce ake sokewa, ta farko ba a taɓa ta.

Ga yadda abin yake. Ranar da ka ɗora yatsunka a kan na'ura aka ɗauki hotonka, bayanan ba su tsaya a wannan ofishi ba. INEC tana tace su da wata manhaja mai suna ABIS, wadda ke kwatanta zanen yatsu da fuskar kowane sabon mai rajista da na mutanen da ke cikin kundin tun 2011. Ko ka sauya gari, ko ka juya sunanka, ko gemu ya fito maka a tsakani, yatsunka dai su ne. Da ta ga mutum ɗaya a wuri biyu, sai a ajiye sabuwar rajistar gefe, ba a buga mata kati.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. A rajistar da aka yi daga Yunin 2021 zuwa Yulin 2022, mutum 12,298,944 suka kammala, amma bayan tacewa aka jefar da 2,780,756, galibi saboda maimaici. Abin yana damuna ƙwarai, domin na san da yawansu ba 'yan maguɗi ba ne. Na taɓa ganin wani dattijo ya sha rana a layi tun hantsi, da tsohon katinsa da ya karye biyu a ƙulle cikin leda, yana jiran a yi masa sabuwar rajista. Babu wanda ya faɗa masa cewa canjin kati kawai yake buƙata. A ganina, ƙarancin wayar da kai ne ya jawo yawancin wannan asara.

Duk da haka, doka ba ta wasa da batun. Sashe na 12 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya haramta rajista fiye da sau ɗaya, ya kuma tanadi tarar da ba ta wuce naira 100,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko duka biyun. Don Allah kada ka gwada ta uku.

Abin da ya dace da kai shi ne neman sauyin mazaɓa. Idan INEC ta buɗe rajista, ka je ofishinta na ƙaramar hukumar da kake zaune yanzu, ko ka shiga shafinta na intanet, ka nemi a dawo da rajistarka daga Gusau zuwa rumfar da ke unguwarku. Haka ma wanda katinsa ya ɓace ko aka yi kuskure a sunansa, canjin kati ko gyara zai nema. Ka tafi da tsohon katin naka, domin lambar da ke jikinsa ce za ta sauƙaƙa nemo ka.