Amsa ga mai tambayar wace runduna ta fi ƙarfi a Yaƙin Duniya na Biyu

Wa'alaikumus salam ƙanena. Wallahi da na karanta tambayarka sai da na ji wani abu ya tokare min ƙirji, domin abin da kake ciki na sha shi har na ƙoshi. Ka ce malamin da ke duba kundinka na digiri ya dawo maka da babi na uku duk jan biro, wai sai ka faɗa ƙarara wace runduna ce ta fi ƙarfi tsakanin Jamus, Tarayyar Sobiyet, Amurka, Ingila da Japan, kai kuma duk wadda ka ɗauka sai ka tarar da inda aka yi mata kaca-kaca. Ka kwantar da hankalinka, kanka lafiya lau yake. Tambayar ce gurguwa. Ka koma ka tambaye shi cikin ladabi, a wace shekara yake nufi, kuma a wane fage?

In 1940 yake nufi, babu mai ja da Jamus. Amma ka lura da kyau, a watan Mayun shekarar Faransa da ƙawayenta sun fi Jamus yawan tankokin yaƙi, wasu na Faransa irin su Char B1 ma sun fi na Jamus kaurin sulke. Duk da haka cikin mako shida aka gama da ita. Jamusawa sun tara tankokinsu wuri guda, kusan kowacce da rediyon sadarwa a ciki, suka keta dajin Ardennes, suka haye kogin Meuse a Sedan, aka kwashe sojojin Ingila da ƙawayenta sama da 330,000 daga Dunkirk zuwa Ingila, aka bar manyan makamai a bakin teku. Saboda haka in ka jera adadin tankoki kaɗai a tebur, teburin zai ce maka Faransa ce za ta ci. Haka ma 1941. Ranar 22 ga Yuni Hitila ya auka wa Sobiyet da sama da mutum miliyan 3 da tankokin da ba su kai 4,000 ba, alhali Sobiyet tana da kimanin 20,000. A Kiev kaɗai an kama sojojinta sama da 600,000. Mu kan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, to a waccan shekarar dai karin maganar bai yi aiki ba.

Ni a nan nawa bala'in ya samo asali. Malamin da ya duba nawa kundin mutum ne da ya haɗiye son sojan Jamus har wuya. Ba ya minti goma bai ambaci Janar Rommel na Jamus da tankar Tiger ba. A wurinsa Rasha ba ta ci yaƙi ba, sanyi da yawan mutane ne suka ci mata. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai na saka babi guda a kan sojojinmu da suka je yaƙi da Japan a ƙasar Bama (Burma), domin kakana na wajen uwa yana cikin runduna ta 81 ta Yammacin Afirka, cikin masu ɗaukar kaya a ka. Na je har ƙauye na zauna da shi a zaure, na naɗi muryarsa a kaset, tsoho yana magana yana tari, yana nuna min tsakiyar kansa inda gashi bai sake fitowa ba saboda akwatin harsashi.

Ranar kare kundi ɗaki cike, har da 'yan ajin da ke bayanmu an shigo da su su ga yadda ake yi. Mutumin nan ya buɗe babin, ya ɗauko maganar kakana ya riƙa karantawa da muryar tsofaffi, yana karkarwa da gangan. Da ya gama sai ya cire tabarau ya ce, "Waɗannan ai 'yan dako ne, mu tarihin sojoji muke yi a nan." Aka fashe da dariya. Har wanda muke kwana ɗaki ɗaya da shi ya yi dariya, na gan shi da idona. Sauran malaman da ke zaune babu wanda ya ce uffan, ɗaya ma agogonsa yake kallo. Na tsaya riƙe da takarda, hannuna na rawa, bakina ya bushe, duk abin da na haddace ya gudu. Kuma abin takaicin shi ne babin nan ya daɗe a ofishinsa, ya sa hannu a kansa, bai taɓa ce min in cire ba. Ajiye shi ya yi sai ranar taro. Aka ce in sake, na rasa tafiya bautar ƙasa tare da 'yan ajinmu, mahaifina ya sayar da hatsi ya sake biyan kuɗin makaranta. Kakan nawa ya rasu kafin a ɗaure kundin, kuma kundin da aka ɗaure babu sunansa a ciki. An ce in yafe, na ce na yafe, amma har yau in na ga mai irin tabaraunsa sai raina ya ɓaci. Allah Ya isa dai ban ce ba.

Kuma maganar tasa ko a ilmance ba ta tsayu ba. A kwarin Kaladan na ƙasar Bama babu hanyar mota. Runduna ta 81 daga sama ake jefo mata abinci da harsashi, 'yan dakon da yake rainawa su ke ɗauka su hau tsaunuka da shi cikin daji, shi ya sa ta iya shiga inda mota ba ta shiga. Ita da runduna ta 82 suka kama garin Myohaung a Janairun 1945. Ka dubi ɗaya ɓangaren kuma. Japan ɗin da ta kama Singafo a Fabrairun 1942, ta kame mutum kimanin 80,000 da rundunar da ba ta kai rabin haka ba, ita ce ta tafi Imphal da Kohima na Indiya a 1944 da guzurin 'yan makonni, kwamandanta Janar Mutaguchi yana lissafin za su ci daga rumbun abokan gaba. Rumbu bai samu ba, damina ta sauka, aka yi asarar sama da mutum 50,000, da yawansu yunwa da cuta ne suka kashe su a hanyar komawa. Jarumtar sojan Japan ba ta ragu ba, ciki ne babu komai. In kana auna ƙarfin runduna ba ka tambayi wa ke kai mata abinci da mai ba, rabin aiki ka yi.

Ita kanta Jamus ɗin da ake yi wa kirari, da dawakai kusan 600,000 ta shiga Rasha. Mafi yawan sojanta na ƙasa a ƙafa suka tafi, igwa da abinci doki ke ja. Man feturinta daga Ploesti na Romaniya yake zuwa, sai wanda take tacewa daga kwal, kuma ƙishin man nan ne ya ja ta zuwa yankin Caucasus a 1942, tafiyar da ta ƙare a Stalingrad, inda kwamandanta Paulus ya miƙa wuya da mutum kimanin 91,000 a farkon 1943. A Disambar 1944 a Ardennes, wasu tankokinta a hanya aka bar su saboda mai ya ƙare. Tiger ɗin da malamina ke rantsuwa da ita, samfurin farko guda 1,347 kacal aka ƙera. Amurka ta ƙera Sherman kusan 49,000, Sobiyet ta ƙera T-34 sama da 50,000. Ɗaya da ɗaya Tiger ta fi su, ban musa ba, amma ba a yin yaƙi ɗaya da ɗaya.

In ka matsa min in faɗi ra'ayina, a ƙasa daga 1943 zuwa 1945 babu rundunar da ta kai ta Sobiyet. Duk wanda ya ce maka sanyi ne, ka tambaye shi wane sanyi ake yi a watan Yuli, lokacin da aka gwabza a Kursk a 1943, ko a Yunin 1944 da aka fara farmakin Bagration wanda ya rusa rundunar tsakiya ta Jamus gaba ɗayanta. Mutanen nan sun kwance masana'antu sama da 1,500 sun loda a jirgin ƙasa sun kai gabas, tsaunukan Ural da bayansu, suka sake kafa su ana tsakiyar yaƙi. Kusan uku cikin kowane huɗu na sojojin Jamus da aka kashe, a fagen gabas suka faɗi. Sai dai farashin ya yi muni, mutum kimanin miliyan 27, soja da farar hula. Kuma ka sani labarin "sanyi da yawa" janar-janar ɗin Jamus ne suka yaɗa shi bayan yaƙi a rubuce-rubucensu, domin wanda aka kayar ba ya rasa uzuri. In ka ɗauko magana daga wurinsu ka faɗi cewa tasu ce.

Amurka kuma lamarinta daban ne. A 1939 sojanta na ƙasa bai kai 200,000 ba. Karonta na farko mai girma da Jamus a Kasserine ta ƙasar Tunisiya, Fabrairun 1943, duka ta sha. Amma kafin a gama yaƙin mutum miliyan 16 sun sa kaki, ta ƙera jiragen sama kusan 300,000, ta yi yaƙi a tekuna biyu lokaci guda, ta kuma aika wa Sobiyet motoci sama da 400,000. Da yawa daga cikin kayan da suka bi sojan Sobiyet zuwa Balin a motar Studebaker suka tafi. A ruwa da sama da masana'anta ita ce gaba, tun bayan da Japan ta rasa manyan jiragen ruwa huɗu masu ɗaukar jiragen sama a Midway a Yunin 1942. Mutanenta da suka mutu sun ɗan haura 400,000, ka ɗora wannan kusa da na Sobiyet ka ga bambanci.

Ingila kuwa don Allah kada ka rubuta ta kamar tsibiri ne kaɗai ya yi yaƙi. Rundunar Indiya ta kai mutum miliyan 2.5. Runduna ta 14 da Janar Slim ya jagoranta a Bama, Turawa ne 'yan tsiraru a cikinta. Ko ba ka buɗe littafi ba, sunayen barikokinmu sun isa shaida: Dodan da Myohaung a Legas, Chindit a Zariya, Burma Camp a Akara. Sin ma da ba ta cikin jerin malamin naka, tun 1937 take riƙe da babban kaso na sojan ƙasa na Japan. Ka ba ta ko da shafi ɗaya ne.

Wani abu da ke ƙona min rai shi ne yadda wasu samarinmu ke yabon sojan Hitila kamar ƙungiyar ƙwallo. Mulkin nan ya kashe Yahudawa miliyan 6, fursunonin yaƙi na Sobiyet sama da miliyan 3 sun mutu a hannunsa. A Yunin 1940 a Chasselay, kusa da Lyon, sojojin Jamus sun ware baƙaƙen sojojin Faransa 'yan Yammacin Afirka daga cikin fararen, suka harbe su bayan sun miƙa wuya. Da malamina ya faɗa hannunsu, tabaraunsa ba zai cece shi ba.

To shawara. Kada ka yi musu da shi a gaban mutane, ko da kai ke da gaskiya, shi ke riƙe da biro. Ka raba babin shekara-shekara, kowace shekara ka faɗi wa ke gaba a ƙasa, wa a ruwa, wa a sama, sannan a ƙarshe ka ba shi suna guda ɗaya tunda suna yake so, ka ɗaure shi da shekara. Alƙaluma suna saɓawa daga littafi zuwa littafi, musamman na mamata, saboda haka duk adadin da ka kawo ka faɗi mai shi. Ka bar bidiyon YouTube, ka shiga laburare. Duk takardar da ya yi wa jan biro ka ɗauki hotonta ka adana, kuma ka roƙe shi ya sa hannu da kwanan wata a kan kowane babi da ya amince da shi, ni rashin shaida a hannuna ne ya sa na kasa kai ƙara. Ka nemi wani malami a sashen da yake jin maganarsa, ka riƙa gaishe shi tun yanzu. Kuma ka ci abinci ka yi barci, ni har gyambon ciki na samu a kan kundin nan.

In akwai tsohon sojan Bama a danginku, ko ya rasu, ka tambayi tsofaffin matan gidan, sau da yawa littafin sallamarsa da lambobinsa suna ƙasan adaka. Ka ɗauki hotonsu kafin gara ta cinye. Babin naka kuma ka turo min in duba maka kafin ka mayar masa, amma sai bayan Juma'a, muna da ɗaurin aure a gida wannan makon.