Kwanon gidan gado: wa ya sa hannu kafin ka ba da kuɗi?

Wani mai sayar da kayan gini na hannu a Katsina ya aiko da tambaya. Ya ce ɗan kawunsa ya kawo masa cinikin wani tsohon gida mai ɗaki 6 a wajen Ƙofar Sauri, za a rushe shi, a bar masa kwano da katako da ƙofofi da duk abin da ya iya cira a kan naira miliyan 1 da dubu 500. Gidan gado ne, babban wan magadan ya amince, har shi mai tambayar ya ba da dubu 500 kafin alƙalami. Yana son sanin yadda zai sayar da kayan ya ninka kuɗinsa cikin mako 2.

Alhaji, ajiye maganar ninki tukuna. Kana tambayar yadda za ka sayar da kayan da har yanzu ba naka ba ne. Na duba saƙonka sama da ƙasa, ban ga kalmar takarda ba. Ɗan kawunka dillali ne a wannan ciniki, la'adarsa yake nema, kuma ranar da rigima ta tashi, zumunci zai hana ka riƙe masa wuya.

Gidan gado, muddin ba a raba ba, kowane magaji yana da haƙƙi a cikin kowane fallen kwano, har ƙanwar da ke aure a Daura, har marayan da ke goye. Amincewar babban wa ba ta ɗaure su. Yadda abin yake faruwa kusan iri ɗaya ne kullum: kafinta ya yaye rabin rufi, sai ga wani ƙane da sammaci daga kotun shari'a. A tsayar da aiki. Katako ya zauna a buɗe, ruwa ya dake shi, 'yan gwangwan su bi dare su zare waya da tagogi, shi kuwa babban wa ya riga ya kashe kuɗin. Wa za ka kama?

Kada ka ƙara ko sisi sai an rubuta yarjejeniya, magada duka sun sa hannu ko sun wakilta wani a rubuce, mai unguwa ya shaida. A rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya, da kwanakin aiki, da wanda zai kwashe ɓaraguzai. A kuma rubuta wanda zai biya idan katangar maƙwabci ta faɗi, domin gidajen cikin gari da yawa katanga ɗaya suke jingine da ita. Sauran kuɗin a raba biyu: rabi ranar da aka fara, rabi idan kwano ya shiga shagonka.

Izinin rushewa kuwa mai gida ne zai nema a Hukumar Tsara Birane ta jiha, ba kai ba. Naka shi ne ka ga takardar da idonka, ka riƙe kwafi. Idan gidan yana da jan fenti saboda faɗaɗa hanya, ka binciki ko an biya diyya, ko an yarda masu gida su kwashe kayansu, da kuma ranar da wa'adi zai cika. Katafila ba ta jiran kafinta. Mita ba ta cikin ciniki, a kira ma'aikatan kamfanin wutar lantarki na KEDCO su yanke wuta kafin kowa ya hau rufi.

Sai lissafi, wanda na tabbata ba ka yi ba. Ka shiga gidan da kafinta da littafi. Ku ƙirga kwano falle-falle, 20 ne bandir, ku ware mai tsatsa da wanda ƙusa ta yage. Katako a soka masa ƙusa inci 4: in ta shige ba wuya, gara ta cinye cikinsa, itacen girki ka saya. Azarar giginya, in akwai, ita ce ta fi jure gara, masu ginin ƙasa kuma suna nemanta. Bulo kada ka sa masa rai. In rabi ya fito lafiya ka gode wa Allah, tsohon inci 6 mai ƙarancin siminti ma a hannu yake marmashewa. Rodin da aka fasa daga kankare aka miƙe da guduma, ka sayar wa 'yan walda ko a auna a kilo. Kada kwaɗayi ya sa ka ba mai zuba dakin, wato rufin kankare, rai ne a ƙarƙashinsa.

A cire kaya bi da bi: ƙofofi da tagogi da waya, sai silin, sai kwano, sai katako, bango a ƙarshe daga sama zuwa ƙasa. Leburan da aka biya jinga sauri suke yi, su ne masu yaga kwano, gara ka biya kafinta kuɗin yini ka tsaya a kansa. Silin na asbesto a jiƙa shi, a sauke shi ɗungurungum, ƙurarsa tana lalata huhu. Ɓaraguzai ka nemi mai son ciko tun kafin a fara, da damina ba a rasa su. In ka zube su a kwata, jami'an tsaftar muhalli za ka haɗu da su.

Idan ka haɗa kuɗin da kayan za su kawo, ka cire kashi 1 cikin 3 na lalacewa da sata, ka cire lebura da tifa da mai gadi. Ƙofa da taga sukan yi watanni a shago kafin mai ginin da girmansu ya yi masa daidai ya zo. In abin da ya rage bai haura miliyan 1 da rabi da kyau ba, ka je da ɗan kawun naka gaban mai unguwa a wannan makon, ku nemi a dawo da dubu 500 ɗin tun ba a taɓa su ba.