Ciwon dabba bai san boda ba: amsoshin tambayoyin masu kiwo

Wani mai kiwo daga wajen Maigatari ya aiko: "Malam, na sayi bijimai biyu da aka shigo da su daga Nijar, kwana huɗu ɗaya ya faɗi matacce ba tare da ya yi jinya ba, baƙin jini na fita ta hanci da dubura. Yara na so su feɗe fatar, in bar su?"

Alhaji don Allah kar ka bari ko wuƙa ta taɓa shi. Mutuwar farat ɗaya da baƙin jinin da ba ya daskarewa, abin da muke fara zargi shi ne ciwon saifa, wanda likitoci ke ce wa antaraks, kuma yana kama mutum. In aka feɗe, ƙwayar cutar ta sha iska sai ta yi wa kanta ɓawo ta kwanta a ƙasa shekaru masu yawa, duk dabbar da ta yi kiwo a wurin tana iya ɗauka. A kira malamin dabbobi, a ƙona mushen ko a yi rami mai zurfin mita 2 a binne, nesa da rijiya da tafki. Wanda ya riga ya taɓa jinin ya je asibiti, kuma ya FAƊA musu mushe ya taɓa, kar ya ce zazzaɓi kawai a ba shi maganin maleriya ya dawo gida. Ɗayan bijimin a ware shi. Ku tuna 2023, a watan Yuni cutar ta ɓulla a arewacin Gana har gwamnatin Najeriya ta ja kunnen mutane kan cin ganda, a Yuli kuma aka tabbatar da ita a wata gona kusa da Suleja.

Wani kuma daga Illela yake cewa: "Meye amfanin in yi wa shanuna rigakafi tunda garken da ke ƙetarowa ba a musu ba?"

To ai wannan ne ma dalilin da zai sa ka yi. Amma kana da gaskiya ta wani ɓangare, ƙasa ɗaya ba ta iya wannan aikin ita kaɗai. Tambayi dattawa labarin bushiya, annobar nan da ta riƙa kashe shanu. A 1962 Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suka haɗu suka fara allurar shanu tare a yankin tafkin Chadi, cutar ta lafa, da aka yi sakaci ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi ɓarna sosai, sai da aka sake haɗa kai kafin a 2011 aka sanar an gama da ita a duniya. Tun 1998 ECOWAS ta fito da takardar ƙetare iyaka da garke wadda ke nuna alluran da aka yi, sai dai gaskiya kaɗan ke riƙe ta, ga shi Nijar ta fice daga ƙungiyar a 2025, shanu kuwa ba su daina bin burtalinsu ba. Naka dai shi ne kai garke duk shekara a yi allurar huhu da saifa, kuma baƙuwar dabba ta yi sati biyu zuwa uku a ware kafin ta shiga garke.

Wata baiwar Allah ta ce awakinta uku sun yi ɓari bayan ruwa mai yawa, yaron da ya kwashe ƴaƴan kuma yana zazzaɓi.

Hajiya, zai iya zama bakkale, ciwon da ke sa dabba ɓari kuma yake kama mutum, zai iya zama zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa tsakanin dabbobi, irin wanda ya kashe makiyaya a jihar Tawa ta Nijar a 2016. Daga nan ba zan iya rabewa ba sai an ɗibi jini. A kai yaron asibiti yau, a gaya musu zancen ɓarin, sannan a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, don sau da yawa ma'aikacin asibiti bai san abin da ke faruwa a garke ba in ba ku kuka kai masa ba. Kar a ƙara ɗaukar mabiyiya da hannu, a sa leda a binne, madara kuma a tafasa ta kafin kowa ya sha.