Baje kolin zane yana shiga lissafin ƙarin girma?

Malam, kana tambaya ko baje kolin zanenka zai shiga lissafin ƙarin girma na malaman manyan makarantu kamar maƙalar da aka buga a mujalla. E, yana shiga, kuma wanda ka yi kai kaɗai ya fi na haɗaka nauyi.

Amma sai da shaida a rubuce. Kwamitin ƙarin girma ba zai ga zanen a bango ba, takarda zai duba: kundin baje kolin mai hotuna, kwanan wata, wurin da aka yi, da takardar gayyata. Ni na taɓa rasa makin baje koli sukutum saboda ban buga kundi ba, sai da na ƙara jiran shekara guda, kuma abin ya yi min ciwo. Kafin ka haɗa fayil, ka karɓi ƙa'idojin makarantarku a ofishin rajistara.